Sauda, Muryar Inna Kaza

A Unguwar Ɗorawa, wani ƙauye da ke gabas da Ɗambatta, kowa ya san Sauda mai zabi. Tun tana budurwa take kiwonsu, kuma ba ta taɓa bari zabuwa ta yi kwanci ba. Ƙwan take kwashewa ta sa wa kaza, kaza ta ƙyanƙyashe, ta yi reno. Abin da ya bambanta ta da sauran masu kiwo shi ne bakinta. In ta tsaya a ƙofar gida ta yi kyarkyarar kaza, sai ka ga 'yan zabi suna fitowa daga cikin gero a guje.

Wata ranar kasuwa ta kai zabi Ɗambatta, ɗaya ya kuɓuce ya shige ƙarƙashin motar hatsi. Sauda ta durƙusa tana kiransa da muryar kaza, tana haɗawa da faɗa: "Fito, ɗan nema! Ni na haife ka ko ba ni ba, yau sai ka ji magana!" Mutane suka yi ta dariya. Cikinsu akwai Abdulrashid, wani saurayi daga unguwar Bacirawa a Kano, wanda shi da abokansa ke haɗa fim ɗin katun na yara. Kukan dabbobi ya zo ɗauka da na'urarsa. Labarin fim ɗin kuwa na wani ɗan zabo ne mai suna Kurkur, da kazar da ta rene shi, wato Inna Kaza, kuma sun daɗe suna neman muryar uwar.

"Inna," ya ce, "za ki iya maimaita wannan faɗan a gaban na'ura?"

"Faɗa ai ba ya ƙare mini," ta ce. "Amma je ka ga maigidana."

Malam Abdulmumini, mijinta, ya saurari saurayin a zaure har ya gama. Tambaya ɗaya ya yi: ko za a nuna fuskarta? Da aka ce murya kaɗai ce, sai ya ce, "To. Mu mun sha wannan muryar shekara da shekaru. Sauran jama'a ma su ɗanɗana."

Fim ɗin ya fito da ƙaramar Salla, ya kama gari. Yara suka haddace shi, iyaye mata suka ɗauke maganar Inna Kaza suna yi wa 'ya'yansu, "Ni na haife ka ko ba ni ba." Sauda ta zaci aiki ya ƙare, ta koma ga zabinta. Ashe somin taɓi ne. Wani gidan talabijin ya nemi a mayar da labarin shiri na mako-mako. Gidan rediyo ya ce shi ma yana so, saboda ƙauyukan da wuta ba ta zama. Kafin damina ta zagayo an buga ƙananan littattafan karatu, an yi jakar makaranta, har masu adaidaita sahu suka fara manna hoton Kurkur a bayan kekensu.

Zirga-zirgar Kano ta ishe ta, ga shuka ta matso. Ta ce da Abdulrashid, "Ba zan bar gona da zabi ina bin titi ba. Ku kawo Kanon nan." Aka gyara wani ɗaki a gidan, aka lulluɓe bangonsa da kiret ɗin ƙwai don kada murya ta yi amo. Nan take shiga da hantsi, bayan ta watsa wa zabi tsaba. Ba ta karanta boko, don haka a kan karanto mata, ita kuma ta faɗa da nata bakin. Sau da yawa nata ɗin ake ɗauka.

Wata rana Abdulrashid ya zo fuskarsa cike da murna. Wani gidan abinci a birni yana son Inna Kaza ta yi masa talla.

"Me suke sayarwa?" ta tambaya.

"Soyayyiyar kaza," ya ce.

Sauda ta dube shi, shi ma ya dube ta, sai duk suka fashe da dariya. Da ta lafa ta ce, "Ɗan nan, yaran da ke kuka in shaho ya biyo Inna Kaza, su zan ce wa su zo su ci cinyarta? Ba da bakina ba." Bai yi gardama ba, ko da yake abokansa sun ji zafin rasa aikin. A shekarar ta karɓi wata sanarwar rediyo ta rigakafin ciwon kaji, ta yi ta da daɗin rai, domin ita ma annoba ta taɓa share mata akurki.

Bara aka yanke shawarar fassara shirin zuwa Fulatanci. Aka kawo wata malamar firamare daga Yola, sunanta Tahira, don ta koyi muryar. Maƙwabta suka fara zuga Sauda, wai za a ƙwace mata kaza. Ta ce, "Kazar da ta yi 'ya'ya da yawa ai ba ta gida ɗaya ba ce." Ta sauki Tahira a ɗakin 'yarta, ta riƙa fita da ita wajen akurki kullum, tana nuna mata yadda kaza ke sauya murya in ta samo tsaba, da yadda take yi in ta hango inuwar shaho.

Ranar da aka turo shirin farko na Fulatanci a waya, gidan ya taru a tsakar gida, har da matar rugar da ke kawo musu nono. Sauda ba ta jin yaren, sai ta zuba wa matar ido. Da Inna Kaza ta fara faɗa, matar ta ajiye ƙwaryarta, ta yi dariya har da hawaye.

"Me ta ce?" Malam Abdulmumini ya tambaya.

"Ban sani ba," in ji Sauda. "Amma ta iya. Ku kira mini Tahira in yi mata barka."