Dutsen da Gado Ya Wasa Mashinsa

Jiya Luba, ɗiyata ta fari, ta dawo daga makaranta da aikin Turanci. Wata doguwar waƙa suke karantawa, ta wani jarumin Turawa da ya yi shekaru bisa teku. Malaminsu ya ce kowa ya tambayo labarin jarumin garinsu, ya rubuta da Turanci tun daga farko har ƙarshe, a gwada da na littafi. Makin yana cikin na jarrabawa, kuma babanta ya riga ya faɗa: in ta sake faɗuwa, ta aje littafi ta kama tallar kifi a kasuwar Yelwa.

Ni aji biyu na yi. Amma sai na ji sanyi a raina, yau dai an tambayi abin da nake da shi.

A tsibirinmu, kafin a datse ruwa a Kainji, Kaka Hajo ke bandar kifi bayan magariba, mu jikoki mu kewaye wutar. Sai ta gama jera kifi take cewa, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi shi tashi shi ba mu wuri." Labarin Gado ne, masuncin da dorina ta kife jirgin ƙanensa, ya rantse ba zai sake kwana ƙarƙashin rufi ba sai ya kashe ta. Kaka ba ta ambatar wuri ba ta nuna shi ba. "Kun ga dutsen can? Nan yaw wasa mashinai." Da safe mu ruga mu shafa gurbin. Tsamiyar da ya ɗaure jirginsa kuwa, a gindinta muke wanki.

In kifi ya isa juyi sai ta yanke labari, ko da Gado ya ɗaga mashi.

"Kaka, ya soke ta?"

"Ke uwar gaggawa! Kifina shi ƙone don Gado? Sai gobe."

Muna daidai inda ya ritsa dorinar cikin ciyawa aka zo kwashe mu. Aka zuba mu a gidajen siminti can kan tudu. Ruwa ya shanye dutsen, ya shanye tsamiyar. Muka hura wuta a sabon wuri, muka roƙi Kaka ta ci gaba. Ta ɗaga hannu za ta nuna, hannun ya tsaya a sama. Ba komai gabanta sai ruwa shimfiɗe.

"In nuna muku mi?" ta ce.

Har ta rasu ba ta sake ɗauko Gado ba.

Duk na faɗa wa Luba, tana juyawa da Turanci, tana lasar leɓe. Sai ta ɗago kai.

"Sai me, Inna?"

"Nan yat tsaya."

"Inna, Malam fa cewa ya yi har ƙarshe. Na Turawan nan har matuƙan da suka nutse an rubuta sunansu."

Na tuna tiren kifin da ke jingine bayan ƙofa. Na ce, "Rubuta ya soke ta, ya koma gida."

Ta rubuta, har da murmushi.

Da ina yarinya na ɗauka haƙuri Kaka ke koya mana da "sai gobe" ɗinta. Ashe ita ma ta yarda ne goben za ta same mu inda ta bar mu. Yau da safe Luba ta tafi da ƙaryata cikin jaka. Labarin Kaka yana ƙarƙashin ruwa. Nawa ne zai zauna, tunda shi aka rubuta.