Sunan Yaron Nan

A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. Ni ma da na haifi nawa a Alƙahira, lokacin maigidana yana karatu a unguwar Darrasa, haka na ɗora. In zan kira shi in ce “kai”, in zan ba da labarinsa in ce “yaron nan”. Babu wanda ya sa ni, kunya ce kawai na tashi da ita.

Yaron nan sikila gare shi. Yana da shekara bakwai babansa ya samu aiki a Jamus, aka ce can akwai likitocin da za su kula da shi, na sa hannu ya tafi da shi. Shi yaro ba a nemi komai daga gare shi ba. Ni kuwa aka ce ba zan bi su ba sai na kawo takardar shaidar na iya Jamusanci na matakin farko. Maigidan ya ce wata uku ne kawai. Wata uku a bakin namiji!

Sai na zauna ni kaɗai a ɗakinmu na unguwar Hadayek el-Maadi, hawa na biyar, tagar tana kallon bangon maƙwabta. Gida Najeriya ban isa in koma ba, don a nan aka buɗe mini fayil ɗin neman biza. Gaba kuma ba hanya. Iƙamata ma, wato izinin zama a Masar, sai na je na bi layi ake ƙara mini ’yan watanni. Sau uku a mako nake shiga metro, jirgin nan na cikin gari, in sauka in kama ƙaramar bas zuwa unguwar Mohandessin, inda makarantar koyon Jamusancin take a saman wani shagon sayar da takalma.

Ajin cike yake da likitoci da injiniyoyi Misirawa, masu ɗan banzan sauri, ana faɗar kalma sun cafe. Malamarmu Bamisiriya ce da ta daɗe a Jamus, ba ta da wasa, kullum “yalla, yalla”, wato mu yi sauri, tana buga allo da zobenta. Kusa da ni wata ’yar Sudan ce ke zama, jikar Hausawan da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ga tsokana. Da ita nake samun sauƙi.

Ban yi wasa da karatun ba, Allah ya sani. Na manna takardu a jikin firij da tukunya da ƙofar banɗaki. Ina yanka albasa ina ƙirga ɗaya zuwa ɗari. Na iya faɗin shekaruna da ƙasata, na iya tambayar kuɗin tumatir da lokacin tashin jirgin ƙasan Jamus da ban taɓa gani ba. Ranar da aka yi darasin iyali, malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi sunayen mutanen gidansa. Da ta kusa zuwa kaina sai na tashi na ce zan kama ruwa. ’Yar Sudan ta bi ni da ido tana murmushi, ta gane. Na ɗauka na yi dabara.

Ranar jarrabawa na yi ta sauraro da ta karatu da ta rubutu lafiya lau. Da rana aka shigar da mu ta baka, mu huɗu a tebur, masu jarrabawa biyu suna rubutu. Kowa zai ɗauki kati ya yi wa na kusa da shi tambaya a kan abin da ke jiki. Wani matashin likita ya ɗauka, ya juyo gare ni da fara’arsa, ya tambaye ni ko ina da ’ya’ya. Na ce ɗaya. Ya ce mene ne sunansa.

Na ji tambayar sarai, na kuma san yadda ake amsa ta. Amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na sunkuyar da kai yadda zan yi a gaban surukata. Bawan Allah ya maimaita a hankali, yana zaton ban fahimta ba. Ɗaya mai jarrabawar ta ɗago ta dube ni, ta rubuta wani abu. Daga nan komai ya watse mini. Da aka zo kan katin hotuna, inda ake roƙon abin da ke jikin hoton, ko kofin ruwa na kasa roƙa. Maki kaɗan ya hana ni ci.

Malama ta ce ma’alish, wato in yi haƙuri, amma ranta a ɓace yake, wai na san abin, me ya same ni. Na yi mata bayani, ta riƙe kai ta ce ai da na faɗi kowane suna, wa zai bincika? ’Yar Sudan ma haka ta ce, har da cewa kunyar da za ta raba uwa da ɗanta ai ta zama cuta. Raina ya yi mugun ɓaci. Na ce musu yaro yana fama da ciwo a wata uwa duniya, ni kuma in zauna a nan in laƙaba masa sunan wani? Ba zan iya ba. Amma a metro na yi ta kuka a cikin mayafina, don na san sun fi ni gaskiya. Ni na rufe wa kaina ƙofa, kuma sai bayan wata biyu za a sake ba ni dama.

A cikin satin ciwon yaron nan ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Bayan la’asar babansa ya kira ni ta bidiyo. Na gan shi a kan gado, an sa masa ƙarin ruwa, idanun nan sun yi ruwan ɗorawa. Wata ma’aikaciyar jinya ta shigo tana kiran sunansa tana shafa masa kai, yana amsa mata da Jamusancin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ashe babansa ya ba shi labarin jarrabawar, don da ta fita sai ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

“Umma, wai mantawa kika yi da sunana?”

Na ce ban manta ba.

“To faɗi in ji.”

Babansa ya kau da kai. Ni kaɗai ce a ɗakin, amma sai da na waiga. Sannan na faɗa. Muryata ta fito kamar ta baƙuwa. Ya yi dariya har ƙirjinsa ya yi masa zafi, ya ce in sake, na sake.

Sai ya tambaye ni yaushe zan zo. Na ce sai na ci jarrabawa. Ya riƙa wasa da robar ƙarin ruwan da ke hannunsa, can ya ce, “To ki riƙa karatu da kyau, kin ji?”

Na ce na ji. Washegari na ɗauki jakata na sauko hawa biyar ɗin nan, na nufi metro.