Na Je Makka Jin Kukan Inji

Kano

Ana kiran assalatu na fita daga gida, da jaka ɗaya, harami a leda, da tsohon kaset a aljihun gaba. Maƙwabta sun raka ni har bakin mota da saƙon addu'a, wannan haihuwa, wancan ƙarin girma, wata kuma ciwon gwiwa. Matata ce kaɗai ta dubi aljihuna ta ce in ji tsoron Allah, mutane na zuwa Makka neman gafara, ni zan je jin kukan mota. Na ce mata Umara ce a gaba, inji na baya. Ta ce ta ji, sai dai ba ta ga na sa haramin a aljihun gaba ba.

Sunana Sani, kayan gyaran mota nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, kuma ni ne autan Inna. Ɗan farinta, Yaya Habu, ya bar gida tun ban zo duniya ba, ya bi ta Chadi da Sudan har ya tsallaka Makka. Can ya zama makaniki a wajen wani attajiri mai tara tsofaffin motocin tsere. A lokacin ba waya, kaset ake cikawa da gaisuwa a ba alhazai su kawo. Wata shekara, bayan ya gama gaida kowa har da akuyar gida, sai ya ce ga abin da yake yi, mu saurara. Inji ya tashi. Silinda goma sha biyu, babu turbo, wato babu abin da ke tura masa iska, da kansa yake shaƙa, shi ya sa babu abin da ke toshe masa murya. Yakan fara da gurnani ƙasa-ƙasa, sai ya hau, yana hawa yana sirancewa, har ya koma wani ihu da ke tsaga kai. Wannan kukan ne ya hana ni karatun kirki ya kai ni kasuwar ƙarfe.

Sai dai ban taɓa jin ƙarshensa da kyau ba. Inna ba ta yarda da sayen sabon kaset ba alhali ga wani a hannu, a kan wanda aka aiko take naɗar amsa. Daidai inda injin ya kusa ƙurewa ta danna. Na dawo daga makaranta na tarar tana cikin ɓarnar, na yi birgima a ƙasa har ta gaji ta jefo min kaset ɗin, ta sayi wani dole. Yaya bai san da wannan ba. Ni kuwa tun da ta rasu ban sake barin kaset ɗin ya wuce wurin ba, ba na iyawa.

Abin da ya tayar da ni yanzu saƙon ɗansa Faisal ne. Kunnen hagu na Yaya ya mutu, likita ya ce na dama ma ba zai daɗe ba. Tsohon ya ce abu ɗaya yake so kafin a rufe masa ƙofa, ya sake jin injin nan.

Jidda

Mun ɗaura harami a cikin jirgin sama kafin mu kai miƙati, muka sauka Jidda bayan azahar. Wani matashin ma'aikaci ya ciro kaset ɗin ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni da Larabci mene ne. Larabcina na sallah ne kawai, don haka na kumbura kumatu na yi masa kukan inji. Ya dube ni cikin haramina, ya miƙo min kayana a hankali, ya yi min addu'a. Ina jin ta samun sauƙi ce.

Daga nan jirgin ƙasa mai lantarki ya ɗebe mu. Kafin in gama gyara zama mun ci rabin hanya. Gudu ne na ban mamaki, amma ko tari ba ya yi. Na kasa kunne na kasa, abin da na ji kawai shi ne munsharin wani ɗan Indunusiya a gefena.

Makka

Faisal ne ya tare ni a tasha. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, tasi yake ja, Hausarsa kuwa rabi ce, sauran rabin Larabci. Ammi yake ce min, wato baffa. Na shiga motarsa na zauna ina jira ya kunna, ashe har mun bar layi. Na tambaye shi ko gangara ce, ya ce a'a, batir ne. Na ce Allah ya ji ƙan mota.

Matata ta yi min mummunan zato, don haka bari in faɗa: Masallacin Harami na fara zuwa. Da na ɗaga kai na ga Ka'aba, na manta da kaset, na manta da gwiwar maƙwabciya, na tsaya ina kuka kamar yaro. Na yi ɗawafi da sa'ayi, aka yi min aski, sannan na ce wa Faisal mu je gida.

Tandabawi

Gidan Yaya yana kan tudu a unguwar Tandabawi, a wani lungun da mota ba ta shiga. Yana zaune a ƙofa, siririn tsoho mai hancin Inna sak. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ranar, domin takardunsa ba su taɓa ba shi damar fita ya dawo ba, ko rasuwar Inna a waya ya ji. Na durƙusa na gaishe shi, ya juyo min da kunnen dama. Na ɗaga murya na ce ni ne Sani. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce ashe auta ma furfura yake yi.

Aka kawo ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, da shayi mai na'ana'a. Akwai na'urar kunne da Faisal ya saya masa, tana cikin kofi a kan taga, ya ce fito take yi masa kamar ɗan tasha. Hira kuwa ba ta wuce inji ba. Ya ce motocin tseren yanzu an ce sun fi gudu, bai musa ba, amma kukansu kamar injin markaɗe a bayan katanga. Nasa kuwa, in aka taka shi, har a haƙori ake ji. Faisal ya ce ya yi magana da ɗan marigayi attajirin, ya ce mu zo, injin yana nan, sun kula da shi sosai. Yaya ya sa aka goge masa farar jallabiya tun da yamma.

Hanyar Ɗa'if

Da hantsi muka fita gari zuwa gidan hutun iyalin. A shingen hanya aka duba takarduna aka ce mu wuce. Yaya yana gaba, hannunsa a kan gwiwa, yatsunsa na motsi kamar yana ɗaure noti.

Mai gidan mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ya fito da kansa ya sumbaci kan Yaya, ya ce Yaya ne ya koya masa tuƙi. Ya kai mu falo, sanyi kamar cikin randa, aka jera gahawa da dabino a kan wani teburin gilashi. Na kai hannu zan ɗauki dabino sai na ga Yaya ya ƙura wa teburin ido. Na leƙa ta cikin gilashin. Ramuka goma sha biyu, shida nan shida can, an wanke su suna ƙyalli, an cusa kwalbar turare a kowanne.

Mai gida ya yi bayani cikin fara'a, Faisal na fassarawa yana kallon ƙasa. Wai injin ya tsage shekarun baya, ba a samun kayansa, shi kuma bai iya jefar da abin da mahaifinsa ke so ba, sai ya sa aka mayar da shi tebur. Gangar motar ma tana nan, an sa mata batir. Ya sa aka zagaya da ita tsakar gida don girmama mu, jajir, tana tafiya shiru kamar kyanwa. Har da wani maɓalli da in aka danna lasifika ke yin kukan inji. Aka danna. Yaya ya tambayi Faisal ko an kunna.

Yaya ya yi wa mai gida godiya. Ya shanye gahawarsa, ya riƙe kofin a hannu har muka tashi, bai yarda ya ajiye shi a kan teburin ba. Ni kam raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan yi wa faɗa.

Kudai

A mota na ciro kaset ɗin na ɗora masa a cinya. Ya gane rubutunsa nan take. Matsalar ita ce inda za a sa shi. Faisal ya ce a duk Makka bai san mai rakoda ba, sai Yaya ya ce a kai shi Kudai. Can bayan tashar motocin alhazai akwai wani fili da ake ajiye tsofaffin bas, kuma abokinsa ɗan Chadi yana da ɗaya mai rakoda, da ba ta motsi sai lokacin aikin Hajji. Lasifikanta na wa'azi ne, an yi su don na kujerar baya ya ji.

Muka rufe tagogi, zafi kamar gidan burodi. Yaya ya zauna ya manna kunnen dama da lasifika, ni kuma na tsaya da yatsa a kan maɓallin kashewa, don na san inda zan tsayar. Muryarsa ta ƙuruciya ta gama gaida akuya, inji ya tashi. Gurnanin farko ya ji shi, na ga fuskarsa ta buɗe, yana gyaɗa kai. Sai kukan ya fara hawa. Ni tsigar jikina ta tashi, gilashin bas na rawa, shi kuwa murmushinsa na raguwa. Ashe siririn sauti shi ne ya fara barin kunnensa. Daidai inda abin ya fi daɗi ya ɗago ya dube ni.

"Ka kashe ne?"

Garin kallonsa na manta da yatsana. Kaset ya yi ƙas, sai ga Inna. Ita a ganinta Makka da nisa, don haka in za ta yi magana a rakoda, da iya ƙarfinta take yi, yadda ake kiran mutum daga gona.

"Habu! Habu, kana ji na? Ni ce Inna. Wannan abin da ka aiko, me ake yankawa? Ka daina tsayawa kusa da shi, zai kashe maka kunne. Kana cin abinci kuwa? Yaushe za ka zo in gan ka?"

Daga nan sai ihun wani yaro yana birgima, sai shiru.

Ya ji kowace kalma. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce ta faɗa, wallahi ta faɗa. Sannan ya ja gefen ƙyallen kansa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Faisal ya sauka daga bas ɗin ya ba mu wuri. Ni ma na zauna a kujerar direba na yi nawa.

Can ya ce, "Mai da shi baya."

Na tambaye shi ko daga farkon injin.

"Wuce injin," in ji shi.

Komawa gida

Na ƙara kwanaki ina sallah a Harami, na isar da saƙon kowa, har da gwiwa. Yaya ya sayi tsohuwar rakoda a gwanjo, na'urar kunnen ma ta fito daga kofi, ya ce a yanzu ya ga amfanin fitonta. Ranar da zan tafi bai ce in bar masa kaset ba, ni ma ban ce ya ba ni ba.

Na sauka Kano da la'asar, da ruwan Zamzam da dabino da aljihu babu komai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Faisal da motarsa marar murya, da ɗan Chadi mai bas. Matata ta tare ni a ƙofa, ta dubi aljihun, ta tambaye ni ko na ji abin da na je ji.

Na ce mata mun ji, mu biyu.