Itatuwan da Isuhu Ya Raba wa Ɗalibansa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Isuhu. Ya zo aikin Hajji daga ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, ya sauka a gidana da ke unguwar Nakkasa a nan Makka, ya kammala aikinsa, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya cika. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi makwancinsa. A nan ba a rubuta suna a kabari. Na koma bayan wata biyu, ban gane nasa ba. Gidan da ya rasu a ciki ma an rushe shi, yanzu ina zaune a unguwar Ka'akiyya. Masu ta'aziyya, na nan da na gida, magana ɗaya suka yi ta maimaita mini: ya dace, ya rasu a Makka. Na yi ta cewa alhamdu lillahi har bakina ya saba. Ban yi kuka ba a lokacin, har yau kuma ban yi ba.

Ni na bar gida tun ina saurayi. Na yi tafinta a Injamena, na sayar da turare a Omdurman, na yi zaman Jidda kafin in tare a nan. Isuhu bai je ko'ina ba. Ya zama malamin gona, daga baya aka ba shi aikin horar da sababbin malaman gona, a daidai shekarun da damina ta daina zuwa a lokacinta. Ruwa ya sauko, a yi shuka, ya ɗauke mako uku, iska ta binne tsiron gero da rairayi. Abin da yake koya wa ɗalibansa su kai wa manoma shi ne a daina tone kututture in ana gyaran gona. A bar shi ya toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. In ya girma ya tare iska, ganyensa ya zama taki, ƙasa ta riƙe laima.

A gonar mahaifinmu yake yin horon, wadda ba mu taɓa rabawa ba. Duk ɗalibin da ya zo, sai ya ba shi kututture ɗaya, kalgo ko sabara ko gawo, ya ce nasa ne, ya datse shi da hannunsa, ya dawo baɗi ya duba. Ya ce wanda bai raya kututture ɗaya ba, ba ya da abin gaya wa mai gona. Ranar farko a ƙauye kuma ya hana su ba da shawara, tambaya kawai za su yi. Ya taɓa yi mini tsiya da wannan: "Yaya, kai harshe huɗu ka koya. Ni abu ɗaya nake fama su koya, su yi shiru har manomi ya gama magana."

A Hajjin nan nasa, ranar Arfa na neme shi na rasa. Na same shi tsugune a gindin dogon yaro, cikin haraminsa, yana bin bututun ruwa da yatsa. Na ce, "Isuhu, yau fa Arfa ce." Ya ce, "Na sani, Yaya. A inuwarsa nake addu'a, ba sai in ga yadda ake shayar da shi ba?"

Abin da ya sa nake wannan rubutu bana ya faru, kafin damina. Lawali, babban ɗan Isuhu, shi ke noma gonar yanzu. Ya turo mini hotonta a waya, ya ce yana son ya yi hayar tarakta amma itatuwa sun hana ta shiga, kuma ba zai taɓa su ba sai da izinina, tunda ni ne babba. Na dubi hoton, na ga daji. A kaina, gonar kirki ita ce wadda mahaifinmu ya bari, fes, ba kututture ko ɗaya, kamar yadda malaman gona na zamanin gyaɗa suka koya masa. Gonakin Jazira da na gani a Sudan ma haka suke, layi miƙe har inda ido ya ƙare. Sai na ji kunya, na ɗauka tun da Isuhu ya rasu aka yi watsi da ita. Na san da kututturan ɗalibansa, amma a yadda ya kwatanta mini su nake ganinsu, iya gwiwa. Ban lissafa cewa itace bai tsaya jirana ba. Na ce wa Lawali a share ta.

Bayan kwana shida wata mata ta kira ni. Ta ce sunanta Rakiya, ɗalibar Isuhu ce, yanzu ita ke horar da sababbi a madadinsa.

"Baba Alhaji, kai ka ce a sare?"

"Ni na ce."

"Ka san gawon da ke bakin hanya nawa ne? Malam ya ba ni shi ko gwiwata bai kai ba. Jiya na tarar da shi kwance. Wata mai zuwa zan kawo sababbin ɗalibai, in nuna musu me?"

Ta ce an gama da gefen yamma, gabas na nan tsaye, kuma ba a fara tone saiwa ba. In aka tone, an gama. In aka bari, za su sake tohowa. Na saurare ta kamar ana ba ni labarin gonar wani.

Nakan tambayi kaina abin da Isuhu zai ce da yau. Rakiya ta ce malaman gona na yanzu kowa da wayarsa, tana gaya masa ranar da ake sa ran ruwa. Ina jin zai yi murna da haka, sa'an nan ya karɓe wayoyin ya kulle sai an tashi daga gona. Na hau duwatsun Ɗa'ifa na ga gonakin da kakannin mutane suka gina da dutse don tare ruwa, wasu ana noma su, wasu bangon ya zube. Tsoffin wurin sun ce dutsen bai gaza ba, masu gyaransa ne suka sauko birni. Ni ma cikin waɗanda suka sauko nake, shi ya sa ban san me zai ce da ni ba.

Na kira Lawali na ce a tsaya. Ya ce, "Baba, kai kana Makka. Bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa da gonar nan, da hauya. Tarakta yini ɗaya za ta yi abin da nake yi a mako biyu."

"Gaskiyarka. Bara gero ya yi?"

"Ya yi. Ya fi na maƙwabta. Amma bayana ne ya san yadda aka yi."

Na ce ba zan tilasta masa ba, ban taɓa riƙe hauya a gonar ba tun kafin a haife shi. Roƙo ɗaya na yi, kada a tone saiwar, a bar gabas, har Rakiya ta kawo ɗalibanta. Ya ce, "Damina ɗaya, Baba. Bayan nan kada ka sake kirana a kan wannan."

Na ce na yarda.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Isuhu, ba ni da kabarin nunawa, ba ni da ɗakin da ya kwanta. Akwai mace ɗaya da ta iya kiran dattijon da ba ta taɓa gani ba ta tuhume shi saboda gawo. Akwai malaman gona a ƙauyukan da ban san sunayensu ba, waɗanda aka ce har yanzu ba sa ba da shawara ranar farko. Akwai rabin gona a tsaye, da rabin da ni, yayansa, na kayar daga nan da kalma uku. Rakiya ta turo mini saƙo cewa ta raba wa sababbin ɗalibai kututturan yamma, kowa ɗaya. Nata ta hana kowa, ta ce ita za ta sake datse shi. Allah ya jiƙan Isuhu. Damina ɗaya muke da ita, kuma an riga an yi shuka.