Shekarar da Na Koyi Wasa Aska

Zaman lafiyar Damagaram, tun zamanin sarakunan farko, ya rataya ne a kan wata 'yar fata mai faɗin yatsa uku, domin babu babban mutumin da bai taɓa sunkuyar da kai gaban aska ba. Shekara ashirin ina karantarwa a lakwal, wato makarantar boko, ban san haka ba, sai da ciwon yana ya rufe idon wanzamin mahaifina.

Mahaifin nawa yana da ciwon suga, likita kuma ya gargaɗe mu cewa ƙaramin rauni na iya zama babban aiki. Injin aski kuwa, ya ce a kai wa tumaki. Aska yake so, kuma ni zan riƙe ta.

Na hau babur zuwa Gaffati, wurin wanzamin. Ya rataya fatar wasa askar a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta ta miƙe, ya nuna mini: bayan aska ke gaba, baki na biye, in an kai ƙarshe a juya ta kan bayanta, ba kan baki ba, kada a danna. Ba ya ganina, amma yana jin ƙarar. Ja uku na yi ya tsayar da ni.

"Mushe," in ji shi, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, "ba allo kake gogewa ba. Sassauta."

Ya ce ja ashirin ya isa. Ya ba ni askar da fatar.

A gida na yi kwana shida ina aske duma da kumfar sabulu. Kowane ƙarce a jikin duman, kan mahaifina nake gani. Sai lissafi irin na malaman makaranta ya zo mini: in ashirin na da kyau, ɗari ta fi. Na yi ta ja ina dannawa, ina ɗaga bayan askar don bakin ya sha fata sosai.

Ranar Alhamis da hantsi mahaifina ya zauna kan tabarma ya cire hula. Na jiƙa kan, na yi bisimilla. Na bi daga goshi zuwa ƙeya, na zagaye kunne ina riƙe numfashi. Da na gama na duba tsumman da nake goge askar, babu ɗigon jini ko ɗaya, na yi hamdala a fili.

Ya kai hannu ya shafa kansa, ya daɗe yana shafawa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Yaushe za ka fara?"

Ashe na dakushe askar. Sabulun kawai na kwashe.