Tsutsotsin Ƙaguwa a Ramin Kawu

Bayan an yanke mana Jihar Zamfara daga Sakkwato aka ɗauke ni aikin duba-gari, aka tura ni yankinmu na Zurmi. Ga sabon kaki, ga littafi a hammata, ban ɗauka akwai wanda ya fi ni sani tsakanin Dauran da Ƙaura ba. Da Shari'a ta zo kowa ya tashi da zafin gyara, ni ma na ce lokacina ya yi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da wata al'ada tun ina yaro. Duk rani idan gulbi ya janye, sai ya haƙa rami a cikin yashi, ya kafe gefensa da itace, ya kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, ya bar wa jama'a su ɗiba. Sadaka ce yake yi wa matarsa da ta rasu. Ruwan garau yake, ga sanyi, ƙaguwa kuma na ɓuya a gindin itatuwan.

A ranin shekarar da Shari'a ta zo tsargiya ta kama yaran ƙauyenmu, suna ta fitsarin jini. Na je ramin Kawu bincike, na kamo ƙaguwa ɗaya na juya ta. A gindin ƙafafunta na ga wasu 'yan tsutsotsi masu faɗi, fari-fari, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Kowacce da 'yan yatsu a ka, suna tafiya irin ta matsattsaku. Wallahi murna na yi, don na ga na kama ɓarawo.

Na nuna wa Kawu. Ya duba da kyau ya ce, "Ɗana, abin ga tun kahin a haihe ka shina nan. Jikin ƙaguwa shika zama, ba ruwanai da mutum."

Na ce masa wannan zancen mutanen da ne. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban masallaci na ɗaga kwalbar da na zuba tsutsotsin a ciki, na ce ga cutar da ke cikin ramin. Kawu yana sahun gaba. Kafin sati mata sun koma ɗiba a babban tafki, inda yara ke wanka. Shi kuwa ya ɗauki shebur ya cike raminsa da hannunsa.

Sai bayan haka na kai kwalbar Ƙaura wurin wani dattijo mai aikin gwaji a asibiti, ina jiran yabo. Ya leƙa su a madubinsa mai ƙara girman abu, ya yi dariya. Ya ce waɗannan haya kawai suke yi a jikin ƙaguwa, suna cin 'yan ƙwarin ruwa, ba sa shiga jikin mutum. Tsargiya daga dodon koɗi take fitowa, shi kuma a ruwan da ke kwance yake zama. Ya tambaye ni ko akwai tafki a garin. Na ce akwai.

A kan babur na dawo ina shirya yadda zan faɗa. Amma in miƙe a gaban masallacin nan in ce na yi kuskure? Na kasa. Na dai sa aka hana yara wanka a tafki, na yi shiru da maganar ramin. Kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa. Girman kai ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Da damina ciwo ya kama Kawu. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya ɗauki sanda ya riƙa bin gida-gida yana neman gafarar duk wanda ya taɓa shan ruwansa. Cewa yake ya yi niyyar sadaka, ashe cuta ya yi ta shayar da ɗiyan mutane, ba ya so ya je gaban Allah da haƙƙinsu.

Gidanmu ya zo daga ƙarshe, da la'asar, yana haki. Ya roƙi mahaifiyata, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ma ka sha shi kana ƙarami. Ka yahe mani, ɗana."

Zaure cike yake da mutane, kowa ya zuba mini ido. Gaskiyar tana bakina. Na sunkuyar da kai na ce, "Na yafe, Kawu."

Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinsa.