Ulysse Naquin, Mai Faɗin Inda Kifi Yake

Ulysse Naquin bai yi nisa a makaranta ba, amma a duk gaɓar Terrebonne, can kudancin Louisiana a Amurka, babu mai saka jirgi a ruwa ranar Asabar bai saurare shi ranar Juma'a ba. Shekara ashirin da shida yana zuwa ƙaramin gidan rediyon garinsu da sassafe, da farin takalmin roba a ƙafa, jikinsa na ƙarnin jatan lande, ya yi minti goma yana faɗa wa mutane inda kifi yake.

Duk a kansa abin yake, gado ne daga ubansa. In sanyi ya fara ja da baya a watan Maris, sai ya ce a nufi bakin Tsibirin Akuya, a soka jatan lande mai rai a ƙugiya, kifi mai ɗigo-ɗigo zai kawo kansa. In zafi ya tsananta, a fita da asuba a dawo kafin hantsi, don kifi ma ya san zafin rana. Da kaka jan kifi na kutsawa cikin ciyawar fadama yana farautar kaguwa, har jelarsa ake hangowa a saman ruwa. Da hunturu kuwa a nemi rami mai zurfi, a ja koto a hankali kamar ba a so.

Abokin fitarsa shi ne Alcide, ƙanin matarsa Odile, kuma ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Malamin kifi," in ji Alcide, "kai da ka auri yayata da ƙarya, wa zai yarda da maganarka?"

"Ƙaryar tawa ce ke ƙosar da kai shekara talatin. Ga tumbi nan shaida."

Sai ƙasa ta fara tafiya. Kowace guguwa ta zo ta gutsiri rabonta, ruwan gishiri ya shigo ya kashe ciyawa, itatuwa suka bushe a tsaye. A shekarar da ruwa ya shiga gidansu karo na uku Odile ta kwanta ciwo. Ulysse ya ɗaure jirginsa ya yi jinyarta wata goma sha takwas, har ta cika. Duk wannan lokaci bai fasa zuwa rediyo ba, yana faɗin abin da ya sani.

Wata Juma'a da kaka ya tura mutane fadamar bayan Tsibirin Akuya. Washegari da la'asar sai ga Alcide a ƙofar gida, hannu rabbana, fuskarsa ba wasa.

"Yaya Ulysse, yaushe rabonka da can?"

"Tun kafin ciwon yayarka. Me ya faru?"

"Babu fadamar. Tsibirin ma babu. Jirgi tara muna ta zagaye a fili kamar waɗanda suka zautu."

"Kai dai ka sha ka ɓata hanya."

"To, shirya mu je."

Ranar Litinin suka fita, Ulysse ne ke tuƙi. Ya kashe inji a inda ya tabbata nan ne. Ya duba gabas ruwa, ya duba yamma ruwa. Ya zura gora, ta nutse har kusan tsayin mutum, ta dunguri wani abu mai tauri. Ya bi shi da gorar a hankali, hawa ɗaya, biyu, uku. Matakalar simintin gidan kakansa ce.

Ulysse ya zauna ya jefa fatsa. Bayan kamar awa guda ya kamo wani kifin tsakiyar teku da bai taɓa gani a wannan wuri ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zare ƙugiyar ya mayar da shi ruwa.

Da Juma'a ta zagayo ya je gidan rediyo. Eulalie, mai gabatar da shirin, ta tambaye shi kamar kullum: "To Kawu, ina muka nufa gobe?"

Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ku yafe ni. Wuraren da na sani babu su yanzu. Mai na'urar neman kifi ya bi na'urarsa."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Sauran minti taran kiɗa ta saka.

Bayan guguwar da ta biyo baya 'yarsa Celestine ta zo ta kwashe shi zuwa birnin Baton Rouge, nesa da teku, ta ba shi ɗakin baya. Alcide kan bugo waya ranar Lahadi, ya lissafa masa waɗanda suka tashi daga garin. Bara shi ma ya tashi, don hanyar garin ta koma nutsewa duk lokacin da teku ta cika.

Yanzu Ulysse na da shekara saba'in da huɗu. Likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa, shi ya sa yakan taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, safe da yamma. Jirginsa na bayan gida, ruwan sama ya taru a ciki. Kwanaki Celestine ta ce, "Baba, ko a sayar da shi ne?"

Ya ce a sayar. Har yau ba wanda ya taya.